Yaƙin Basasar Amurka

Yaƙin Basasar Amurka, wanda aka gwabza daga 1861 zuwa 1865, fitina ce da ta tashi tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kuma asalinta bauta ne, ko da yake wasu sun so su lulluɓe wannan haƙiƙa da hujjar 'yancin jihohi. Arzikin Kudu ya dogara ne ga auduga da kuma aikin bayi baƙar fata kusan miliyan 4 da suke rayuwa cikin zalunci da ƙasƙanci, alhali Arewa ta riga ta haramta bauta a cikin iyakokinta, ta karkata ga masana'antu da aikin lada.

Duk lokacin da ƙasar ta faɗaɗa zuwa yamma sai husuma ta sabunta a kan ko za a halatta bauta a sabon yankin. Sulhun Missouri na 1820 ya kwantar da ƙura na ɗan zamani, har Kotun Ƙoli, a shari'ar Dred Scott ta 1857, ta yanke hukuncin cewa baƙar fata ba ɗan ƙasa ba ne, hukuncin da ya zama abin kunya ga ma'abota shari'a.

Da aka zaɓi Abraham Lincoln shugaban ƙasa a 1860, jihohin Kudu 11 suka ɓalle ɗaya bayan ɗaya, aka fara harbi a sansanin Sumter ranar 12 ga Afrilu, 1861. Rayuka fiye da 600,000 suka salwanta kafin gyara na 13 ga tsarin mulki ya soke bauta a Disamba 1865.