Bam bayan girgizar ƙasa ta 2003: tsakanin kufai da gonakin dabino

A cikin wannan ƴar takarda muna son mu duba abin da ya faru da garin Bam, na lardin Kerman a kudu maso gabashin Iran, tun daga girgizar ƙasa ta 2003. Tambayar da ta kawo mu ita ce: in gari ya rushe, wane gado ne ke tayar da shi, wanda ake nuna ma baƙi ko wanda ake ci da shi?

Ranar Juma'a 26 ga Disamba 2003, da ƙarfe 5 da minti 26 na asuba, ƙasa ta girgiza mutane suna barci. Ƙarfin girgizar ya kai 6,6. Ƙidayar da hukuma ta tsaya kanta ta nuna mutum sama da dubu 26 suka rasu a Bam da kewaye, alhali mazauna garin ba su kai dubu 100 ba. Amma hoton da ya zagaya duniya shi ne na Arg, wato tsohon birnin laka da ke gefen gari, wanda ake lissafawa cikin manyan gine-ginen ƙasa na duniya: ganuwa, hasumiyoyi, kasuwa, masallaci, da fadar gwamna bisa dutse, duka cikin fili na kusan hekta 20. Birnin ya bunƙasa tsakanin ƙarni na 7 da na 11 da cinikin auduga da siliki, kuma a nan aka kama Lutf Ali Khan, sarkin ƙarshe na gidan Zand, a 1794.

A nan ya kamata mu tsaya kan kalma. Faransanci na cewa patrimoine, mu kuwa mukan fassara da gado, sai dai Hausa na da wata kalma da ta fi dacewa da Arg, ita ce kufai. Tun ƙarni na 19 mutane suka fara fita suna zama cikin gonakin dabino; soja suka riƙe wurin har 1932, daga nan ya zama na masu gyara da masu yawon buɗe ido. Ke nan ba cikin Arg jama'a ta mutu ba, cikin sabon gari ne.

Duk da haka laka aka fara ɗora ma laifi. Gaskiya ne gidajen tubali masu nauyin rufi sun danne mutane da yawa. Amma injiniyoyin da suka zagaya garin sun tarar da gine-ginen ƙarfe da jan bulo da suka zube su ma, saboda walda marar kyau da rashin bin ƙa'idar gini. Cikin Arg ɗin kansa an lura da wani abin mamaki: wasu sassan da aka daɗe ana gyarawa a ƙarni na 20 sun fi lalacewa bisa ga wasu kangayen da ba a taɓa ba. Maginan Bam na da hanya biyu, khesht, tubalin da ake shanyawa a rana, da chineh, laka da ake ɗorawa hawa-hawa. Inda aka lulluɓe tsohon bango da sabon tubali ba tare da sun kama juna ba, girgiza ta raba su. Gara kuma ta riga ta cinye cikin bangaye da dama. A ganinmu wannan ya isa a daina hukunta laka a dunƙule.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne halin waɗanda suka tsira. An kafa sansanoni a bayan gari, amma da yawa suka ƙi zuwa, suka kafa tanti bisa filin gidajensu, kusa da dabinonsu. Wasu masu agaji sun ɗauki haka taurin kai. Mu dai muna ganin lissafi ne: dabino bai faɗi ba, kuma dabinon mazafati na Bam shi ne abin kai wa kasuwa. Mai gona ya san in ya bar itace ba ban-ruwa ya rasa abin da zai sake gina gida da shi.

Ruwan kuwa daga qanat yake zuwa, wato rijiyoyi a jere da aka haɗa da rami ta ƙarƙashin ƙasa, ruwa na gangarowa da kansa har gona. Da yawa sun rufta ranar girgizar, kuma tone su na cikin ayyukan gaggawa na watannin farko. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa tsagewar ƙasar da ke tsakanin Bam da Barabat tana tare ruwan ƙasa ta ɗaga shi, kuma tun zamanin da masu haƙa suke amfani da ita. Yanayin ƙasar da ke kawo girgiza shi ne ya ba garin ruwa tun farko.

Da Unesco ta sa Bam cikin jerin kayan tarihi na duniya a 2004, ba Arg kaɗai ta rubuta ba, ta haɗa da gonaki da hanyoyin ruwa, ta kuma sa shi nan take cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Japon, Italiya, Faransa da Jamus sun sa hannu a gyaran, Bankin Duniya ya ba da rancen dala miliyan 220 don sake gina gari. An fid da Bam daga jerin haɗari a 2013, a taron Phnom Penh, taron da ya karɓi tsohon garin Agadez. Bambancin a fili yake: Agadez da mutanenta a ciki, kuma abokin gabar lakarta ruwan sama ne.

A sabon Bam, mafi yawan gidajen da aka tayar da ƙarfe da siminti ne, don wanda ya tono ƴan uwansa daga ƙarƙashin tubali ba a saurin ce masa ya koma ciki. Laka ta fi saura a katangun gonaki da kuma cikin Arg, inda magina ke kwaɓa ta bisa albashin hukuma.