Birnin Kano da Haihuwar Dabara

Akan ce wai sabuwar dabara daga Turai take zo mana. Tarihin Kano bai goyi bayan wannan magana ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, kasuwar Kurmi ta tara marina da dukawa da fatake wuri guda, kowa yana koyo daga ɗan'uwansa. Da jirgin ƙasa ya fara jigila a 1912, auduga Turawa suka sa wa rai, amma fataken goro suka raba wa manoma bashi ta hannun yaransu, aka rungumi gyaɗa. Ashe taruwar jama'a tana haifar da dabara, muddin akwai kasuwa da jari. Birnin da ya cika ba tare da waɗannan ba, zaman kashe wando kawai yake haifarwa.