Makullin Fijo da Ɓarayin Mota a Hanyar Birnin Kudu

Tun daga 1975, lokacin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, Fijo 504 ta zama sarauniyar hanyar da ta taso daga Kano ta ratsa Wudil da Birnin Kudu zuwa Maiduguri. Direbobin tasha sun so ta don gudu da juriya, ɓarayi ma haka, domin kayan gyaranta ba sa kwantai a kasuwa.

Rauninta yana wurin makulli. Ƙarfe ne zalla. Idan ya sha aiki sai haƙoransa su cinye, har wani mabuɗi ya iya murɗa shi. Wanda ya san waya kuwa, da ya haɗa wayoyin ƙarƙashin sitiyari mota ta tashi.

Dabarar makanikai da masu walda ce ta ceci dukiyar mutane, kuma sun cancanci yabo. Sun ƙera sandar ƙarfe mai kwaɗo da ke riƙe sitiyari ko birki, sun ɓoye maɓallin datse mai, aka kuma riƙa zana lambar mota a jikin gilashi.

A 1998 Jamus ta wajabta na'urar da ke hana inji tashi sai da mabuɗinsa na asali. Motocin Turai da ake shigowa da su ta Kwatano ne suka yaɗa ta har wannan hanya, amma tsofaffin Fijo da suka rage suna nan da kwaɗonsu.