Mills Brothers: 'Yan Uwa Huɗu da Jita Ɗaya

A Piqua, wani ƙaramin gari a jihar Ohio ta Amurka, John Mills yana da shagon aski, kuma shi da abokansa suna da ƙungiyar waƙa ta mutum huɗu. A wannan gida 'ya'yansa maza suka tashi: John ƙarami, Herbert, Harry da autansu Donald, wanda aka haifa a 1915. In sun taso daga makaranta, ƙofar shagon suke tsayawa su rera wa masu wucewa.

Ana ba da labarin cewa a wata gasa a garin, Harry ya laluba aljihu bai ga ɗan abin busarsa ba, sai ya dunƙule hannuwa a baki ya fitar da kukan bigila. Daga nan kowannensu ya ɗauki kayan busa guda yana kwaikwayo da baki, John ƙarami kuwa ya riƙe murya mai kauri yana kaɗa jita.

Gidan rediyon WLW na Cincinnati ne ya fara ɗaukar su. A 1930 William Paley, shugaban CBS, ya saurare su a New York ya ba su kwantiragi, suka zama baƙar fata na farko da ke da shirin kansu a rediyon da ake ji a faɗin ƙasar, a zamanin da otal-otal da dama ba za su ba su ɗakin kwana ba. Faifansu na 1931, "Tiger Rag", ya yi kasuwa sosai. Kamfanin Brunswick har sai da ya rubuta a jikin faifan cewa ban da jita ɗaya babu wani kayan kiɗa a ciki, don masu saye ba sa yarda. A ganina waɗannan fayafayan farko su ne gwanintarsu ta gaske. Na baya sun fi kawo kuɗi ne kawai.

John ƙarami ya rasu a farkon 1936 bayan ciwon huhu. Sauran ukun sun yi niyyar watsewa, uwarsu ta hana. Uban ya ajiye almakashi ya shiga gurbin ɗansa, ya yi kusan shekara 20 yana yawon duniya da su. Da shi aka yi "Paper Doll", wadda ta yi mako 12 a saman jadawalin Billboard daga ƙarshen 1943, sannan "Glow Worm" a 1952.

Da tsohon ya gaji ya zauna, ba su nemo bare ba, suka ci gaba su uku. Ko a 1968, lokacin da kiɗan rock ya cinye kasuwa, "Cab Driver" ta shiga jadawalin Billboard. Harry ya rasu a 1982, Herbert a 1989. Donald ya jawo ɗansa John suka riƙe sunan, kuma shi kaɗai ya rage cikin 'yan uwan lokacin da aka ba ƙungiyar kyautar Grammy ta karramawa a 1998. Shekara guda bayan haka shi ma ya rasu.