Daga Vampir zuwa PVS-14: tarihin da ke cikin sunayen na'urorin ganin dare

A ƙauyukan Roni da Gwiwa masu iyaka da jihar Katsina, da na Babura da ke bakin iyakar Nijar, babban abin dogaron mai gadin dare shi ne tocila. Ita kuwa tocila tana da aibu guda: kafin ta nuna wa mai gadi ɓarawon shanu, ta riga ta nuna wa ɓarawon inda mai gadi yake tsaye. Tarihin na'urorin ganin dare, na kimanin shekara 80, ƙoƙari ne na magance wannan aibu, kuma yana rubuce cikin haruffa da lambobin da ke jikinsu. Duk ƙungiyar 'yan sintiri da ke shirin zuba kuɗin karo-karo a kan irin waɗanda ake tallatawa a Facebook, ya kamata ta fara iya karanta su.

A ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, cikin 1945, Jamus ta fito da ZG 1229, wadda aka yi wa laƙabi da Vampir. Fitila ce mai fitar da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani, haɗe da madubin da ke mayar da shi hoto. Batirinta kaɗai ya haura kilo 13, a baya ake goya shi. A shekarar ce kuma sojojin Amurka suka yi aiki da makamanciyarta a tsibirin Okinawa. Waɗannan su ake kira Gen 0, zubin da ya gabaci na farko. Rauninsu irin na tocila ne: abokin gaba mai irin madubin zai hango fitilar daga nesa.

An samu mafita a yaƙin Biyetnam, cikin shekarun 1960, da na'urori irin su AN/PVS-2. Wannan zubi, Gen 1, ba ya kunna fitila. Ɗan hasken wata da na taurari yake tattarawa, ya mayar da shi ƙwayoyin lantarki a cikin wani bututu, ya ruɓanya su, sannan ya haska su a kan allo mai launin kore. A shekarun 1970 aka ƙara wa bututun wani siririn faifan gilashi mai miliyoyin ƙananan huda, wanda ya ƙara ƙarfin ruɓanyawar ya kuma rage girman na'urar. Wannan shi ne Gen 2, zubin AN/PVS-4 da AN/PVS-5. Gen 3 ya biyo baya a shekarun 1980, lokacin da aka fara yin fuskar da ke karɓar haske da sinadarin galiyom asenaid. Daga nan aka samu AN/PVS-7, sai kuma AN/PVS-14 mai ido ɗaya, wadda ta bazu tun wajen shekarar 2000.

Haruffan ba ado ba ne. Tsari ne da Amurka ta kafa a 1943, inda AN ke wakiltar rundunar ƙasa da ta ruwa. Harafi na farko bayan su yana faɗin inda ake amfani da na'urar: P na nufin mutum ne ke ɗauke da ita, A na nufin jirgin sama. Na biyu yana faɗin irin abin da take aiki da shi: V hasken da ido ke gani, A kuma ɗumi ko hasken ɓoye. Na uku aikinta ne, inda S ke nufin ganowa. Saboda haka AN/AVS-6 ta matuƙa jirgi ce, AN/PAS-13 kuwa ɗumin jiki take ganowa, ko da babu wata babu tauraro. Lambar ƙarshe jeri ce kawai, ba ma'aunin inganci ba: PVS-14 ba ta ninka PVS-7 kyau ba.

Ingancin yana cikin takardar gwajin da ke zuwa da kowane bututu na gaskiya. Lambobi biyu ne suka fi muhimmanci: yawan siraran layukan da na'urar ke iya bambancewa a cikin milimita ɗaya, da kuma yadda hoto ya rinjayi ɗigo-ɗigon da ke yayyafi a kansa. Idan aka ninka ta farko da ta biyu sai a samu abin da ake kira FOM. Layi 64 sau 25 zai ba da 1,600. Faɗin gani na yawancinsu digiri 40 ne, sai GPNVG-18 mai bututu huɗu da ta kai digiri 97. Ba sa jawo abu kusa, domin mai tafiya a duhu yana bukatar ganin ƙasa yadda take. Tallan da ke tinƙaho da jawo abu ninki goma, ko da sunan Gen 4 wanda sojin Amurka ba sa amfani da shi a hukumance, abin tuhuma ne.

Yawancin masu arahar da ke yawo a intanet ba su da bututu sam. Kyamara ce da fitilar infirared, wato Vampir ce ta dawo cikin sabuwar riga. Mai shakka ya danna rimot ɗin talabijin a gaban kyamarar waya: a wayoyi da dama zai ga hasken da idonsa bai gani ba. Haka ɓarawo mai irin wannan na'ura zai hango mai gadi.

Akwai kuma doka. Amurka ba ta barin a fitar da Gen 3 daga ƙasarta sai da lasisi, a Najeriya kuma shigo da na'urorin ganin dare yana bukatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Don haka wadda aka gani a kasuwa da tambarin PVS-14 a farashin wayar hannu, ko dai jabu ce ko ta sumoga. Ta farko asarar kuɗin jama'a ce, ta biyu tana iya kai mai ita gaban alƙali.