Daga Baitulmali Zuwa Asusun Tarayya: Tarihin Neman Kuɗin Raya Garuruwa a Arewacin Nijeriya

Duk wanda ya taɓa riƙe aiki a sakatariyar wata ƙaramar hukuma, ko ya zauna a ofishin wani ɗan majalisa, ya san irin takardar nan da dattawan gari kan kawo. Takan fara da gaisuwa da addu'a, sa'an nan ta jero bukatu: rijiyar burtsatse, ɗakin shan magani, gada a kan rafin da ke raba gari da kasuwa idan damina ta yi nisa. Ƙarshenta kuwa kusan kullum ɗaya ne, watau roƙon a kai kukan ga Gwamnatin Tarayya. Abin ya zama jiki, har ɗalibi na iya zaton haka aka taso aka tarar. Alhali kuwa shekaru ɗari da suka wuce, kuɗi daga ƙauye yake tashi ya hau birni, kuma abin da ya rage a hannun hukumar gargajiya da shi ake gina gari. Yadda ruwan ya juya ya koma gangarowa daga sama, da abin da wannan juyi ya yi wa dangantakar mai mulki da talaka, shi ne batun wannan lacca.

Lokacin da Turawan Ingila suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sun tarar da tsarin haraji mai rassa da yawa: kuɗin ƙasa, da zakka, da jangali, da kuɗin karofi, da sauransu. Gwamna Lugga ya haɗe galibinsu a dokar 1906, aka riƙa raba abin da aka tara biyu, rabi na gwamnati, rabi na sarki da mutanensa. A Katsina ne Razdan Palmer, zamanin Sarki Muhammadu Dikko, ya fara gwada wata dabara: maimakon sarki ya karɓi kasonsa ya rarraba yadda ya ga dama, a zuba shi a baitulmali, a yanka wa kowa albashi tun daga sarki har ɗan doka, abin da ya saura a yi wa jama'a aiki da shi. Zuwa 1911 an shimfiɗa wannan tsari a masarautun Arewa. Mai unguwa ya tara ya kai wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, hakimi ya kai wa Ma'aji. Daga baya ma aka ɗaga kason manyan masarautu ya haura rabi.

Babu misalin da ya fi na Kano nuna abin da baitulmali ke iya yi. Da ajiyar da En'e ta tara daga harajin talakawa, a shekarun da gyaɗa ta fara kawo kuɗi, aka gina gidan ruwa da na lantarki a Challawa, aka buɗe shi a 1931, zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Ana turo ruwan kogi zuwa tankin Goron Dutse, daga nan ya sauko wa birni. Ba a je Ikko roƙo ba, balle London. Haka En'e ta riƙa ɗaukar nauyin asibitin birni, da makarantun elementare, da hanyoyin rani, da kotunan alƙalai.

Amma kada a ɗauka zamanin zinariya ne. Harajin nan da bulala aka karɓi wani sashe nasa, kuma akwai magidantan da suka sayar da akuyar gida, ko suka ƙaura suka bar gonakin gado, don gudun ranar biya. Ma'aji ba shi da ikon fitar da kwabo sai ƙiyasin shekara ya sami amincewar Razdan, ajiyar En'e kuwa wani kaso nata a London aka juya shi. Bugu da ƙari, tsarin ya ƙara wa mai ƙarfi ƙarfi ne: Kano ta sami famfo, ƙananan hukumomin En'e kuwa, waɗanda albashi ke cinye harajinsu, ko gada ɗaya ta kan gagare su. Abin da za a iya faɗi shi ne, mai biyan haraji ya san hannun da ya karɓi kuɗinsa, ya kuma san ƙofar da zai zarga. Daga wannan sani ne jam'iyyar NEPU ta sami abin faɗa a shekarun 1950.

Makarantar farko ta koyon roƙo daga sama ita ce dokokin raya ƙasashen mulkin mallaka da Majalisar Ingila ta yi a 1940 da 1945. A ƙarƙashinsu aka tsara shirin raya Nijeriya na shekara goma a 1946, na fam miliyan 55, wanda Ingila ta yi alkawarin ba da miliyan 23 daga ciki. A nan ne hukumomin En'e suka fara sanin cewa akwai kuɗin da ba nasu ba, wanda ake samu da takarda. Di'o ya rubuta, kwamitin raya lardi ya duba, a aika Kaduna, Kaduna ta aika Ikko. Garin da ya dace da Di'o mai iya rubutu da naci ya sami rijiyoyin siminti, na kusa da shi kuwa ya ci gaba da shan ruwan tafki.

Da aka raba ƙasa jihohi uku, sai gardamar ta koma tsakanin manya. A taron Badun na 1950 wakilan Arewa suka tsaya kai da fata cewa a ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, a kuma raba kuɗi bisa yawan jama'a, domin a ganinsu makarantu da hanyoyin Kudu sun riga sun yi nisa da kuɗin da aka tara tare. An yi ta naɗa hukumomin rabon arziki: ta Phillipson a 1946, ta Hicks da Phillipson a 1951, ta Chick a 1953. Wadda ta bar gado mafi daɗewa ita ce ta Raisman a 1958, domin ita ta ƙirƙiro asusun da ake tarawa a raba wa jihohi. A kan kuɗin ma'adinai ta ce jihar da aka haƙo a cikinta ta riƙe kashi 50 cikin 100, tarayya ta ɗauki 20, sauran 30 su shiga asusun rabo. Abin lura a nan shi ne, duk wannan ciniki babu kujerar En'e a cikinsa. Har aka sami mulkin kai a 1960, da haraji da jangali take rayuwa, sai ɗan tallafin da gwamnatin Kaduna ke ba ta.

Shekaru goma ne suka sauya kome. A watan Mayu 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, a ƙarshen shekarun 1960 kuma aka karɓe 'yan doka da kotuna da gidajen yari daga hannun En'e. Dokar soja ta 1970 ta ce asusun rabo a raba rabinsa daidai wa daida tsakanin jihohi, rabi bisa yawan jama'a. Ta 1971 ta mai da kuɗin man da ake haƙowa a teku na tarayya. Ta 1975 ta rage kason jihar da ke da mai zuwa kashi 20. A tsakiyar wannan kuma farashin mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, gyaɗa kuwa fari da cuta suka durƙusar da ita. Shirin raya ƙasa na uku, na 1975 zuwa 1980, da naira biliyan 30 aka buɗe shi. Harajin duk masarautun Arewa, in an ɗora shi kusa da wannan, bai taka kara ya karya ba.

Kuɗin da ke saukowa daga sama yana da wani hali da ya kamata ma'aikacin gwamnati ya sani: ba lalle ne ya kawo abin da aka roƙa ba. Madatsar ruwa ta Bakolori, kusa da Talata Mafara, a tsohuwar Jihar Sakkwato, aikin tarayya ce da aka kammala a 1978 don noman rani na dubban kadada. A takarda babu aibi. A ƙasa kuwa, tafkin ya cinye gidaje da gonakin mutanen yankin Maradun, an hana manoma shuka na wasu damuna ana daidaita filaye, diyya ta yi jinkiri ko ta ɓace a hanya, manoman fadama da ke ƙasa da madatsar kuma suka rasa ambaliyar da shinkafarsu ta dogara a kai. Hakimi ba shi ya kawo aikin ba, ƙaramar hukuma ba ta da ta cewa, masu aikin kuma ga Ikko suke ba da bayani. Da manoma suka rasa ƙofar ƙwanƙwasawa sai suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A watan Afrilu 1980 aka tura musu 'yan sandan kwantar da tarzoma, aka kashe mutane. Hukuma ta ba da adadi kaɗan, mutanen wurin suka ce ɗaruruwa ne. Wannan shi ne mafi munin abin da ya biyo bayan aikin da aka tsara ba tare da masu ƙasar ba, amma ƙananan irinsa, waɗanda ba a zubar da jini a kansu ba, sun cika karkara.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 an yi shi ne, a wani ɓangare, don magance wannan giɓi. A gabatarwar jagoran gyaran, Birgediya Shehu Musa 'Yar'aduwa ya koka cewa gwamnatocin jihohi sun daɗe suna zaftare ikon ƙananan hukumomi, sun bar su ba kuɗi ba ma'aikata. Aka soke tsarin En'e, aka kafa ƙananan hukumomi 301 iri ɗaya a duk ƙasa, kowace mai mutane tsakanin 150,000 da 800,000, aka ce su ne hawa na uku na gwamnati. Tarayya ta ba su naira miliyan 100 a shekarar farko, miliyan 250 a ta biyu. Tsarin Mulki na 1979 ya mai da wannan kyauta hakki, dokar rabon arziki ta 1982 ta yanka musu kashi 10, aka ɗaga shi zuwa 15 a 1990, zuwa 20 a 1992. A tsarin rabon da aka kama aiki da shi a 2004, kasonsu kashi 20.60 ne, na jihohi 26.72, na tarayya 52.68.

Sai dai abubuwa biyu sun faru a 1979 waɗanda tasirinsu ya haɗu. Na ɗaya, gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali. Wanda ya san abin da talaka ya sha a kan harajin nan ba zai ga laifinsu ba, kuma murnar da aka yi ta gaskiya ce. Amma ba a maye gurbinsa da wani abu mai kama da adalci ba, sai igiyar da ta ɗaure hukuma da aljihun mutanenta ta tsinke. Na biyu, Tsarin Mulkin da ya ba ƙananan hukumomi kaso shi ne kuma ya ce kuɗin ya bi ta asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi, aka kuma maimaita wannan a sashe na 162 na Tsarin Mulkin 1999. Watau an ba kura ajiyar nama. Shugaban ƙaramar hukuma ya wayi gari ba ya bukatar talaka don ya biya albashi, gwamna yake bukata.

Daga nan hanyoyin neman kuɗin tarayya suka yi rassa. Mafi inganci a cikinsu, abin mamaki, ita ce neman sabuwar ƙaramar hukuma, domin tun da wani kaso na kuɗin daidai wa daida ake raba shi, garin da ya zama hedkwata ya sami famfon da ba ya ƙafewa, ga sakatariya, ga ayyukan yi ga 'ya'yansa. Ƙungiyoyin ci gaban gari, waɗanda a da aikin gayya suke shiryawa, suka koma tara kuɗin mota da na buga takardun koke. Daga 301 adadin ya kai 589 a 1991, ya kai 774 a 1996. Kano ta tashi da 44, Jigawa da aka cire daga jikinta da 27, Legas da 20, kuma wannan lissafi ne ya sa Legas ta ƙirƙiri ƙarin 37 da kanta, Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumominta a 2004, har Kotun Ƙoli ta ce ba shi da wannan iko, ko da yake sababbin ba su cika ba sai Majalisar Tarayya ta shigar da su Tsarin Mulki.

Gwamnatocin soja kuma sun gwada tsallake kowa. Janar Babangida ya kafa DFRRI a 1986 don hanyoyin karkara da ruwa da abinci; Janar Abacha ya kafa asusun rarar man fetur, PTF, a 1994, a ƙarƙashin Janar Buhari, aka rushe shi a 1999. Dukansu sun bar ayyuka a ƙasa, wasu nagari, amma da hukumar ta mutu sai a rasa mai gyara famfon da ya lalace, domin babu wanda ya ɗauke shi nasa.

A mulkin farar hula na bayan 1999 sai aka sami ayyukan mazaɓu. An shekara da shekaru ana ware naira biliyan 100 a kasafin kuɗi, ana kasa ta tsakanin sanatoci 109 da wakilai 360. Ɗan majalisa ya zaɓi aiki, a saka shi a kasafin wata ma'aikata ko hukumar tarayya, ita ce a doka za ta ba da kwangila. Ta haka ne akan ga hukumar binciken noma tana kafa fitilun titi, ko kwalejin tarayya tana raba kekunan ɗinki a wata jiha mai nisa. A watan Nuwamba 2019 Shugaba Buhari ya ce an ware kusan naira tiriliyan 1 don irin waɗannan ayyuka cikin shekara goma, amma da wuya a ga tasirinsu. A shekarar ce kuma hukumar ICPC ta fara bin sawunsu gari gari.

Ranar 11 ga Yuli 2024, a ƙarar da Babban Lauyan Tarayya ya shigar da gwamnonin jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga Asusun Tarayya, kuma hukumar da kantoma ko kwamitin riƙo ke jagoranta ba ta da hakkin karɓar kuɗin. Hukuncin ya cire hannun gwamna daga bakin tulu, a doka. Bai taɓa inda ruwan ke fitowa ba, bai kuma karɓe zaɓen shugabannin ƙananan hukumomi daga hukumomin zaɓe na jihohi ba, waɗanda gwamnoni ke naɗawa, kuma a zaɓuɓɓukan da jihohi da dama suka gudanar a watannin da suka biyo bayan hukuncin, jam'iyyar da ke tare da gwamna ce ta kwashe kusan dukan kujeru.