Katantanwar Akimidis da Masu Gyaranta

Mu da muka taso muna ganin jigo a bakin fadama, ba lalle ba ne mu san cewa manoman Masar suna da wata dabara ta ɗaga ruwan Nilu wadda ta haura shekara 2,000. Wani dogon itace ne da aka naɗe shi da murɗaɗɗen fiffike cikin bututu. A tsoma gindinsa a ruwa, a juya, ruwa ya yi ta hawa daki-daki. Girkawa suka kira shi katantanwa, aka kuma jingina ƙirƙirarsa ga Akimidis, masanin Sirakus wanda ya rasu a shekara ta 212 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mu marubuta mun fi son labarin mai ƙirƙira, to amma wanda ya fi yi wa wannan famfo hidima, a ganinmu, shi ne Bitrubiyas, maginin Rum. Bayanin da ya bari ya ƙunshi rigakafin lalacewa. Ya ce a shafe rassan da ake yin fiffiken da kwalta, a rufe da katako, a sake shafawa, sannan a ɗaure da ƙarfe, domin kuwa kafa ɗaya ta isa ta mai da ruwan inda ya fito. Ya kuma ƙayyade yadda za a jingina shi: idan tsawonsa kashi 5 ne, kansa ya tashi kashi 3 daga ƙasa. In aka miƙar da shi ya wuce kima, sai ya yi ta juyawa ruwa na zubewa baya. A ramukan haƙar ma'adinai na Rumawa a Sifen, inda mutane ke taka shi da ƙafa, tsayawarsa na nufin ruwa ya cika rami.

Mutanen Holan, waɗanda gonakinsu da yawa ke ƙasa da teku, sun ɗauke shi suka haɗa da injin iska. A Kinderdijk, tashar da aka gina a 1972 da irinsa take kwashe ruwa. Ƙarfe ya maye gurbin itace, amma ciwon bai sauya ba. Yashi yakan cinye bakin fiffike har tazararsa da kwarin da yake juyawa ciki ta yi faɗi, ruwan da ke isa sama ya ragu. Boris ɗin ƙasa kuwa cikin ruwa yake kwana, ido ba ya ganinsa. Shi ya sa mai gyara yake kasa kunne, da zarar ya ji gurnani daga ƙasa ya fara duba ko giris na isa wurin.